Wanda ya zana kafaɗa karatu ya yi

Tun jiya raina a ɓace yake. Yaron nan kwana uku ya yi yana kwaikwayon zanen William Etty, wani mai zane ɗan Ingila, bayan namiji ne kawai, kafaɗa da gadon baya, ya kawo da murnarsa, amma babba da furfurarsa bai ga abin cewa ba sai "iskancin Turawa". Haba Malam! Karatu ne wannan, kuma karatu mai wuya.

A makarantar Royal Academy ta Landan, wadda aka kafa a 1768, a da can ba a barin ɗalibi ya zauna gaban mutum mai rai sai ya daɗe yana zana mutum-mutumin farar ƙasa, malamai sun gamsu da hannunsa. Akwai farfesa da aikinsa koyar da ƙashi da jijiya, kamar a ajin likitoci. Ɗalibin da bai kai shekara 20 ba, in ba shi da aure, ba ya shiga ajin da mace ke tsayawa. Wannan ne wurin shashanci?

Shi Etty, shekara bakwai ya yi yana koyon aikin ɗab'i a birnin Hull kafin ya shiga makarantar a 1807. A 1828 ya zama cikakken mamban Royal Academy, abokansa suka ce zama cikin yara 'yan koyo ya zubar masa da girma. Ya ce gara ya ajiye muƙamin da ya bar ajin. Haka ya yi ta zuwa da dare har tsufa, ga ciwon asma. Mai neman kallon banza ba ya wannan wahala.

Za ku ce ai akwai tsiraici. Na sani, ni ma ba kowanne zan rataya a ɗakina ba, kuma jaridun Ingila sun caccaki Etty tun yana raye. Amma yaron nan kafaɗa ya zana. Ku ɗauki fensir ku gwada zana yatsun hannunku, ku ga inda gizo ke saƙar.

Abin da ke ci mini rai ma a tarihin shi ne na mata. A 1860 sai da Laura Herford ta sa haruffan farkon sunanta kaɗai a kan zanenta, aka zaci namiji ne, sannan aka karɓe ta. Duk da haka ɗalibai mata ba su samu izinin zana namiji mai rai a can ba sai 1893, shi ma sai ya yi ɗaurin ƙugu.