Sa Gudu Ya Zo a Madinatu Nasr

Alƙahira ba garin masu gudun motsa jiki ba ne. Gari ne da ba ya runtsawa sai wajen ƙarfe uku na dare, motoci sun cika titi sun kuma haye gefen da aka tanadar wa masu tafiya a ƙasa, direban ƙaramar bas kuwa hon ya sani, bai san birki ba. Safiyar Juma'a kaɗai ake samun sarari. Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, saboda haka da an sallame asuba kowa sai ya koma cikin bargo. Masu hali su nufi Zamalik, su zagaya tsibirin Jazira, su tsaya a gadar Ƙasrun Nil su ɗauki hoto da zakunan tagulla. Ni kuwa a Madinatu Nasr nake zaune, inda ɗaliban Afirka suka yi sansani, kuma kuɗin motar zuwa bakin Nilu ya ishe ni cin koshari har da ƙari. Don haka a unguwa nake zagayena.

Kosharin nan ma shi ya jefa ni cikin harkar. Shinkafa ce da taliya da makaroni da adas a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, a kawo ruwan tafarnuwa, ga arha. Haɗa shi da zaman karatu daga safe har dare ka ga abin da zai fito. Ranar da ake koya mana duba cikin majiyyaci aka ce wani ya kwanta a gwada a kansa, abokan arziki suka turo ni. Malamin ya danna nan, ya danna can yana neman bakin hanta, can ya ɗago ya ce wa aji: "Irin wannan cikin sai an yi haƙuri. Hantar tana nan, nisa ta yi." Har 'yan matan Malesiya da ba a taɓa jin dariyarsu ba sai da suka rufe baki da mayafi. Washegari na sayi kambas.

Abin mamaki, gudun ya shiga raina. Da farko haki ne da ciwon cinya, daga baya ya zama shi ne lokacin da kaina ke hutawa daga sunayen jijiyoyi. Littafi ya ce zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Wata safiya na ƙirga tawa ta gaza 60, na wuni ina jera cututtukan zuciyar da ke iya kama saurayi, sai da dare na iso shafin da ya ce haka zuciyar 'yan wasa take. Daga ranar duk baƙon da ya shigo ɗakinmu sai na miƙa masa wuyan hannu ya ji da kansa.

Mutanen gida ne dai abin bai kwanta musu ba. Umma ta taɓa kira ina tsakiyar haki.

"Auta, lafiya? Me ya same ka?"

"Lafiya lau Umma, gudu na yi."

"Innalillahi! Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, motsa jiki ne."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato gonar da aka sayar aka tura ka, gudu ka je koyo? Ai da ka faɗa da an bar ka nan kana koro mana awaki."

Abokin zamana ma ra'ayinsu ɗaya da ita. Mutumin Maraɗi ne, yana karatun shari'a a Azhar, kowa Ustaz yake ce masa. Duk lokacin da ya ga ina ɗaure igiyar takalmi sai ya girgiza kai ya ce, "Dakta, ko salla aka tayar an ce mutum ya taho cikin natsuwa. Kai me kake bi?" Mai gadin gidanmu kaɗai ke ƙarfafa mini gwiwa, wani dattijo mutumin yankin Sa'id, can kudancin Masar, mai jallabiya da rawani da muke kira Ammu. In na fito yana zaune a bencinsa da kofin shayi sai ya ɗaga hannu: "Ya kabtin!"

To, a wannan Juma'ar ina da jarrabawar baka ranar Lahadi, kan ƙwayoyin cuta da tsutsotsi. Na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: na sa laccar da na naɗa a waya, na toshe kunne da iyafis, na kuma yanke shawarar ƙara nisa ta wani layi da ke bayan kasuwa.

Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san karnukanta, masu launin ƙasa da miƙaƙƙun kunnuwa, waɗanda ke kwana a kan rufin motocin da aka ajiye a bakin titi. Kowane layi da nasa. Na layinmu sun saba da ni, ko ido ba sa buɗewa in na wuce. Na bayan kasuwa kuwa ba a gabatar da mu ba. Ina shan kwana na ga wani ya miƙe tsaye a kan rufin wata tsohuwar Lada, ya dube ni, ya yi haushi ɗaya mai kauri, sai ga 'yan'uwansa suna fitowa daga ƙarƙashin motoci.

Na san ƙa'ida sarai. Ka tsaya cik, kada ka kalle shi ido cikin ido, kada ka juya baya, kuma duk abin da za ka yi kada ka yi gudu. Na ma taɓa koya wa wani sabon ɗalibi. Sai dai ƙafafuna ba su halarci wannan darasin ba. Kafin kaina ya gama shawara har sun ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Malam yana cikin kunnena yana bayanin yadda tsutsa ke shiga dodon koɗi cikin natsuwarsa, ni ina tsallake buhunan shara ina karanto duk addu'ar da ta zo baki, har da ta shiga kasuwa. Can na ji an cafke ni a ƙwauri, ƙyat! Wando ya yage. Ban tsaya tambaya ba, na ƙara mai.

Sai a ƙofar gida na duba na ga jini. Nan fa karatu ya dawo gaba ɗaya, har wanda ba a nema ba. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayar tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da alamu sun bayyana sai dai a yi ta addu'a. Matakin farko shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15. Na finciko sabulun wankin Ammu, na zauna a bakin famfon da yake wanke motoci, na kafa agogo. Ina wanki ina kurɓar ruwa da ɗaya hannun don in ga ko na fara jin tsoronsa, alhali na san alamun kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su fito.

Ustaz ya sauko da casbi a hannu, Ammu ya ajiye shayi. Na ɗauka taimako ya zo. Ammu ya nuna wandona ya ce yawun kare najasa ce mai nauyi, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, har ya durƙusa yana tara turɓaya a tafin hannu. Ustaz ya gyara tsayuwa ya ce a'a, wannan maganar Shafi'iyya ce, a wurin Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne shi da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai ɗin ma bin umarni ne kawai. Ammu ya ce shi haka ya taras da kakanninsa. Ustaz ya koma Larabcin littafi, Ammu ya koma na Sa'id, murya ta tashi.

Na ce, "Ustaz, don Allah, mutuwa fa zan yi."

Ya ce, "Haƙuri Dakta, duk mai rai mamaci ne. Amma wandonka dai ya halatta ka yi salla da shi, kada dattijon nan ya ruɗe ka."

Da ƙyar suka yarda aka ɗage muhawarar, muka tari tasi zuwa asibiti tare da ɗan Ammu, yaro ɗan firamare da ya ce shi ma sai ya je. A hanya na shirya jawabina tsaf: cizo ne da ya huda fata, rukuni na uku ke nan, mafi tsanani, a ba ni allurar rigakafi yau, sannan rana ta 3 da ta 7 da ta 14 da ta 28, a kuma tsira maganin kariya a gefen ciwon. Likitar da ke bakin aiki ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ma sha Allah, sannan ta sa safar hannu ta haska fitila. Ta daɗe tana kallo.

"Ya doktor, ka ga lokacin da ya cije ka?"

Na ce mai gudun ceton rai ba ya waiwaye.

Ta ce haƙorin kare huji yake bari, sama da ƙasa, wannan kuwa tsaga ce doguwa miƙaƙƙiya, ga ma ɓurɓushin tsatsa a bakinta. Amma ta ce ba a caca da wannan ciwo, in akwai shakka ko kaɗan za ta fara allurar. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya gani. Yaron nan ya ɗaga hannu. Ashe ya je sayen burodi a layin. Ya ce karnukan a bakin layinsu suka tsaya, ko kusa da ni ba su zo ba, ni kaɗai na ci gaba da gudu har layi biyu, sannan na yi karo da ƙarfen nan da mutane ke kafawa don kada a ajiye mota a ƙofarsu. Ya ƙara da cewa babbar cikinsu ma da alamar roba a kunne, irin wadda ake maƙala wa waɗanda aka yi wa rigakafi. Ban san wa ya tambaye shi wannan ba.

Likita ta kira ɗaliban da ke wurin su zo su ga bambancin cizo da yanka. Suka kewaye ni kamar ana tayin ragon layya a kara, wannan ya taɓa, wancan ya ɗauki hoto, biyu daga ciki 'yan ajinmu ne. Aka wanke, aka ɗaure, aka yi mini allurar tetanus a dantse. Agogon hannuna kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙara yana taya ni murna, wai ban taɓa cin kilomita ɗaya da sauri irin na yau ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don shaidar yaro ɗan firamare ba abin dogaro ba ce. Asabar gaba ɗaya a babin haukan kare na ƙarar da ita. Na haddace siffar ƙwayar, na haddace yadda Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a 1885 a kan wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister. Na shiga jarrabawa ranar Lahadi ina ɗingishi ina fatan a taɓo nan. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau ya ce in yi masa bayanin tsargiya, ciwon da Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsarsa a nan Alƙahira a 1851, wanda kowane ɗalibi a Masar ya kamata ya sani ko daga barci aka tashe shi. Abin da ya rage a kaina shi ne dodon koɗin da na ji ina cikin gudu. Na kama dodon koɗin nan na juya shi ta gaba, na juya shi ta baya. Farfesa ya leƙa ƙafata ya ce, "Kai ne na karnuka?" Na ce ni ne. Ya yi dariya har da tari, ya rubuta wani abu, ya ce in tafi Allah ya sawwaƙe.

Labari kuwa ya riga ni isa gida. Ustaz ya faɗa wa wani ɗan garinsu, shi kuma yana da ƙanwa da ke aure a Katsina, kafin ya kai unguwarmu har an yanke mini ƙafa. Umma ta kira tana kuka, sai da na kunna bidiyo na ƙirga mata yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙa wa Baba wayar. Shi ba mai yawan magana ba ne.

"Kai, karnukan su nawa ne?"

"Wallahi Baba sun fi goma, manya-manya."

Daga can kan darduma Ustaz ya ɗaga murya: "Uku ne, Alhaji! Ɗaya ma gurguwa ce!"