Dokar zubar da ciki ta ƙona 'yan siyasar Amurka, amma ba yadda aka zata ba

Ranar Juma'a 24 ga Yuni 2022, mun sauko daga masallaci ke nan ba da jimawa ba, wani abokina ya turo mini saƙo a WhatsApp: "Alhamdulillah, yau Amurka ta tuba." Kotun Ƙolin ƙasar ce ta rushe hukuncin Roe v. Wade na 1973, wanda ya ba mace damar zubar da ciki a duk faɗin Amurka, ta ce kowace jiha ta je ta yi dokarta. Ni ma na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye muku ba. Ba na goyon bayan a zubar da ciki haka siddan, kuma har gobe ina nan a kan bakata. Sai dai na ce masa ya dakata da kabbara tukuna, don 'yan siyasa ne suka dafa wannan tuwon, kuma ban taɓa ganin ɗan siyasa ya yi girki saboda Allah kaɗai ba.

Shekara kusan 50 'yan Republican suka yi suna yi wa Kiristoci masu riƙo da addini alkawarin wannan rana. A 2016 da Alƙali Scalia na Kotun Ƙoli ya rasu, Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican masu rinjaye a zauren a lokacin, ya hana majalisar dattawa ko sauraren wanda Obama ya zaɓa, wai zaɓe ya matso. A 2020 da Alƙaliya Ruth Bader Ginsburg ta wannan kotu ta rasu ana saura mako shida zaɓe, shi wannan McConnell ɗin ya tabbatar da Amy Coney Barrett cikin gaggawa. Haka Trump ya samu naɗa alƙalai uku a wa'adi ɗaya. Alkawari ya cika, sai kuma aka shiga ɗaukar kaya.

Ba a yi kwana arba'in ba, Kansas ta ba kowa mamaki. Jihar da rabonta da zaɓen ɗan Democrat a kujerar shugaban ƙasa tun 1964. Aka tambayi jama'arta ko a cire kariyar zubar da ciki daga tsarin mulkin jiha, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a'a. A Nuwamba Kentucky ma ta ce a'a, Michigan kuwa ta rubuta 'yancin a cikin nata tsarin mulkin. Guguwar da ake ta cewa za ta kwashe 'yan Democrat a zaɓen rabin wa'adi ba ta zo ba, duk da cewa a watan Yunin shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 9.1. Republican ta samu majalisar wakilai da ƙyar, 222 da 213, ta kasa karɓar majalisar dattawa. A Ohio a 2023 'yan majalisar jiha sun hango abin da ke tafe, suka yi dabarar ɗaga yawan ƙuri'ar da ake buƙata don gyara tsarin mulki zuwa kashi 60. Jama'a suka yi watsi da dabarar a Agusta, suka dawo a Nuwamba suka amince da 'yancin da kusan kashi 57.

To me ya sa mutanen da ke cika coci ranar Lahadi suke jefa irin wannan ƙuri'a? Nan ne nake ganin mu a nan muke kuskuren fahimta. Muna ɗauka rigimar tsakanin masu tsoron Allah ce da 'yan sharholiya. Ku tambayi duk macen da ta taɓa yin ɓari. Idan ciki ya lalace bai fita duka ba, wankin ciki ake yi mata, kuma aikin da maganin kusan duk ɗaya ne da na zubar da ciki. Idan faya ta fashe ciki na wata huɗu, da wuya jaririn ya rayu, uwar kuwa kowace sa'a ƙara kusantar ruɓewar mahaifa take yi. Yanzu ka rubuta doka irin ta Texas, wadda ta tanadi ɗauri har na rai da rai da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba ga likita, sannan ka ce an yarda ne kawai idan rayuwar uwa na cikin haɗari, ba tare da ka fayyace iyakar haɗarin ba. Me likita zai yi? Zai kira lauyan asibiti kafin ya taɓa mara lafiya. Zai jira zazzaɓi ya hau, jini ya tsinke, don ya samu hujjar da zai kare kansa gobe a kotu.

A Disamba 2023 wata uwar 'ya'ya biyu a Texas, wadda likitoci suka tabbatar abin da ke cikinta na da cutar da da wuya ya rayu, ta roƙi kotu izini. Ƙaramar kotu ta ba ta, babban lauyan jihar Ken Paxton ya gargaɗi asibitoci, kotun ƙolin jihar ta hana, ta tattara ta bar jihar. Kafin ita akwai yarinya 'yar shekara 10 a Ohio da aka yi wa fyaɗe, sai Indiana aka kai ta. Irin waɗannan labaran ne suka shiga gidajen mutane, don kowa yana da 'ya ko mata ko ƙanwa. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya, da ya fi sauran mazhabobi tsanani a wannan babi, malamai ba sa cewa a zuba wa uwa ido ta mutu. Shi ya sa nake mamakin masu tafa wa dokar Texas daga nan, alhali ko shafi ɗaya nata ba su karanta ba. Ita Texas ɗin da kanta sai da ta dawo a 2025 ta yi wa dokar kwaskwarima don ta fayyace wa likitoci lokacin da za su ceci uwa.

A 2024 allura ta ƙara tono garma. Kotun ƙolin Alabama ta ce ƙwan haihuwa da aka haɗa aka ajiye a asibiti yaro ne a idon doka, asibitocin da ke taimaka wa masu neman haihuwa suka dakatar da aiki, majalisar jiha ta ruga ta gyara. Kotun Arizona ta farfaɗo da dokar 1864 da ta haramta kusan duk zubar da ciki, tun kafin Arizona ta zama jiha, har wasu 'yan Republican suka haɗa kai da abokan hamayya aka soke ta.

Da ganin haka 'yan Democrat suka ɗauka sun samu dokin da zai kai su gida. Kamala Harris ta hau shi ba sauka. Shi kuwa Trump, da a baya yake bugun ƙirji cewa shi ya kashe Roe, ya ga gemun 'yan uwansa na ci da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. A Afrilu ya ce magana ce ta jihohi, a bar kowa da tasa. Jam'iyyarsa ta sassauta batun a kundin manufofinta. A Florida, inda yake da ƙuri'a kuma doka ta hana zubar da ciki bayan mako shida, ya ce mako shida ya yi kaɗan, da masu addini suka taso masa sai ya ce zai ƙi amincewa da gyaran da zai soke dokar. Baki biyu ƙiri-ƙiri, kuma ya ci riba.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Jihohi 10 suka yi ƙuri'ar raba gardama a kan batun ranar zaɓen Nuwamba, 7 suka goyi bayan 'yancin. A cikinsu akwai Arizona da Nevada da Montana da Missouri, kuma dukkansu Trump ne ya ci su. Wato mutum ɗaya ya shiga rumfa, ya dangwala wa 'yancin zubar da ciki a wannan layi, ya dangwala wa wanda ya naɗa alƙalan a wancan. Wasu na cewa ruɗewa ce. Ni wayo na gani. Da aka ba shi damar yanke hukunci da hannunsa, ba ya buƙatar Harris ta yi masa, sai ya koma kan kuɗin haya da farashin ƙwai da batun baƙin haure. Makamin da 'yan Democrat suka dogara da shi, shi ya 'yanta masu zaɓe daga hannunsu. Haka Musulmin Dearborn a Michigan, Gaza ce a ransu, Trump ya zo na ɗaya a garin. Sakamakon ƙuri'un wakilan jihohi: Trump 312, Harris 226.

Kada kuma a ɗauka muryar jama'a ce ke yin nasara kullum. A Florida kashi 57 suka ce e, amma doka na neman 60, haramcin mako shida na Gwamna DeSantis ya zauna daram. A Missouri kashi 52 bai cika ba aka ci, sai 'yan majalisar jiha suka ƙi haƙura, suka sa a sake jefa ƙuri'a a Nuwamba 2026.

Mu kuma da muke kallo daga nesa, akwai inda wutar ke lasar mu. Tun 1984 Reagan ya kafa ƙa'idar da ake kira ta Mexico City, wadda ke hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje da ke yin aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa, ko da da kuɗinsu ne. Clinton ya cire, Bush ya mayar, Obama ya cire, Trump ya mayar a 2017 ya faɗaɗa ta zuwa kusan duk tallafin lafiya, Biden ya cire, Trump ya sake mayarwa a Janairu 2025, kwana huɗu da rantsar da shi. Ƙungiyar da ke aikin lafiyar mata a Najeriya ko Nijar ko Ghana, in tana son kuɗin, dole ta sa hannu, kuma sharaɗin na canzawa ne gwargwadon yadda mutanen Pennsylvania, jihar da kan raba gardama a zaɓen shugaban ƙasa, suka tashi da safiyar zaɓe.