Alhaji, an yi ciniki bana, yaron shagonka fa?

Jiya bayan la'asar a Shari'a Mansur, nan Makka, na ga wani ɗan kasuwa namu yana ja-in-ja da ɗan dako a kan riyal biyar. Yaron ya sauke masa kwalayen dabino da ƙunshin darduma, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannunsa duk sawun igiya. Wai "haka ake biya". Wallahi har yanzu abin yana ci min rai.

'Yan'uwana masu shaguna, Allah Ya buɗa muku, muna taya ku murna. Masu Umara sun cika gari, kun ƙara shago, kaya na ta tafiya Kano da Maraɗi. To albashin wanda ke buɗe ƙofar nan tun asuba, ya motsa? Tun 2020 da aka mayar da harajin kayan masarufi kashi 15 cikin ɗari, shinkafa ta tashi, haya ta tashi, ga kuɗin iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, ga tsohuwa a gida tana jiran aike. Shi yana nan inda kuka ajiye shi. Wani ma sai ya bi ka wata biyu yana "Alhaji, a taimaka", alhali haƙƙinsa ne!

Mu da muka baro gida mun san ƙarshen wannan hanya. A 2014 aka ce tattalin arzikin Najeriya ya fi na kowace ƙasa girma a Afirka. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasar da kanta ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci. Dukiya ta ƙaru, ta tsaya a hannun 'yan kaɗan, abin da Suratul Hashri ta gargaɗe mu a kai. Talakan da bai ƙoshi ba me zai saya a shagonka? Ɗansa da aka cire daga makaranta don ya yi talla, wace sana'a zai riƙe gobe? Haka kasuwa ke mutuwa a tsaye, mai kuɗi yana ƙara tsawon katanga.

Muna zagin shugabanni a WhatsApp, mu kuma muna yi wa mutum uku da ke ƙarƙashinmu irin abin da muke kuka a kai. A Makka fa, Alhaji! Kana jin kiran sallar Harami.

Don Allah, yau ɗin nan ka kira yaronka, ka tambaye shi nawa yake biyan haya. Wanda ke bin ka, ka biya shi kafin isha'i. Don girman Allah, ka biya shi.