Kawaicin da na zo da shi daga Kano

Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, bayan shekara bakwai da na yi ina wannan aiki a Kano. Jarrabawar Turanci da ta OSCE (gwajin aikin jinya a aikace), waɗanda NMC, hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya, ke nema kafin ta yi wa baƙo rajista, duk na ci su. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne halin da aka tarbiyyantar da ni a kai.

A gida, idan babban likita yana magana sai ki sunkuyar da kai, ki ce "to, ranka ya daɗe". Ladabi ke nan, kuma ana ganin ƙimarki saboda shi. A nan shugabarki ma da sunanta ake kiranta, kuma idan kika kawar da ido tana magana, ɗauka za ta yi ba ki gane ba, ko kina ɓoye wani abu. Na yi watanni ana mini kallon marar tabbas, alhali girmamawa nake yi.

Sau biyu na nemi ƙarin girma a wurin aiki, daga mataki na 5 zuwa na 6, sau biyu ban samu ba. Masu yi miki tambayoyi kafin ƙarin girman sukan ce ki ba da labarin wata matsala da kika warware. Ni kuwa an raine ni da cewa yabon kai jahilci, sai in ce "mun yi ƙoƙari, Allah ya taimaka". Wata abokiyar aikina 'yar Kerala ta Indiya ce ta ja ni gefe ta fahimtar da ni cewa masu tambayar ba su da makin da za su ba "mu", aikin hannuna suke son ji.

Inda kawaici ya fi haɗari shi ne a kan gadon majinyaci. Idan likita ya rubuta magani fiye da ƙima kika yi shiru don kunya, rai ne a hannunki, kuma ƙa'idar NMC ta wajabta miki ki yi magana. Wannan kam, a ganina, ko a gida ya kamata mu koya.

Sai dai ban yarda da masu cewa mu zubar da halinmu a filin jirgi ba. Tsohuwa mai ciwon mantuwa za ta tambaye ki abu ɗaya sau goma a cikin aikin dare na awa 12. Wadda ta tashi a ɗakin kakarta ba ta ƙosawa da wannan. Haƙuri da girmama tsofaffi su ne suka sa iyalan majinyata ke nemana da suna.

A karo na uku na zauna gaban masu tambayar, na ɗago kai, na ce ni ce na lura numfashin wani dattijo majinyaci ya canja, ni ce na kira likita da ƙarfe uku na dare. Bakina ya yi nauyi, amma na faɗa, kuma wata mai zuwa zan fara aiki a mataki na 6.