Liverpool ta samu filin ƙwallo, ta rasa kambun tarihi

A watan Yulin 2021 hukumar UNESCO ta soke sunan birnin Liverpool na Ingila daga jerin wuraren tarihi na duniya. Kafin ita, wurare biyu kacal aka taɓa yi wa haka, ɗaya a Oman, ɗaya a Dresden ta Jamus. Abin da aka karrama a 2004 kuwa shi ne gaɓar kogin Mersey: tashoshin jiragen ruwa, da manyan sito-sito, da ofisoshin 'yan kasuwar da suka yi zamani.

A ganina hukuncin ya yi daidai. Na yarda arewacin tashar ya daɗe da zama kango, kuma mutanen unguwar na neman aiki. Amma tun 2012 aka ja kunnen mahukunta kan shirin Liverpool Waters na kafa dogayen benaye, suka yi kunnen uwar shegu. Daga baya aka bar ƙungiyar Everton ta cike tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Bramley-Moore da yashi, ta ɗora filinta a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin ya san wata hanyar. Dubi Albert Dock, wani rukunin sito-sito da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1846. Da jan bulo da dutse da ƙarfe aka gina shi, aka guji katako don tsoron gobara. An rufe shi a 1972, laka ta cika shi, har aka fara zancen rushewa. A shekarun 1980 aka gyara shi yadda yake: ginshiƙan ƙarfen nan masu kauri, masu jan fenti, suna tsaye a bakin ruwa inda a da ake sauke kaya. Gidan zane-zane na Tate ya shiga a 1988, gidan tarihin cinikin bayi ya biyo a 2007. Baƙi suka cika wurin, ciniki ya dawo, ginin bai rasa kamanninsa ba.

Labarin nan ya shafe mu. John Holt kamfanin Liverpool ne, kuma bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, yana cikin masu sayen gyaɗa da fatu da ƙiraga. Tsofaffin kantunan wancan ciniki da sito-sitonsa suna wajen tashar jirgi da Fagge, kuma wanda duk aka rushe, filaza ce ke tasowa a gurbinsa. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da gwamnatin Kano su zagaya su rubuta waɗanda suka rage, su hana taɓa su sai da izini.