Rajista a FNE ba ɗaukar aikin gwamnati ba ne

'Yan uwa na Garwa da Marwa, mutane da yawa na zaton in ka yi rajista a FNE (Fonds National de l'Emploi, hukumar samar da aikin yi ta Kamaru) shikenan ka shiga layin ma'aikatan gwamnati, sai su koma gida suna jiran kira wata da watanni. Ba haka ba ne wallahi. FNE tun 1990 aikinta haɗa mai neman aiki da kamfanoni, da koyar da sana'a da tallafa wa mai son kafa tasa, aikin gwamnati kuwa galibi ta konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ake shiga. Rajistar kuma kyauta ce, duk wanda ya ce kawo sefa ya saka sunanka cutarka zai yi. Ka riƙa leƙa ofishin, kuma ka ci gaba da kai dosiyenka wasu wuraren da ƙafarka.