Wai ƙwaya mai microRNA, to ina birkin?

Bidiyon nan na mai tallan ƙwaya da ake ta yawo da shi ya ƙure min haƙuri. Wai tana ɗauke da "microRNA mai ninka ƙarfin garkuwar jiki". Madalla, malam likita! Ka ji an ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024 kan gano microRNA, sai ka tsinci kalmar ka manna a jikin kwalba. Saura ka ce kai ka koya musu.

Jama'a, garkuwar jiki tana da birki, kuma rashinsa kisa yake yi. Birkin nan wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira Treg, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wani rukunin sojojin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T masu CD4, aikinsu hana 'yan'uwansu far wa jikin mai su. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a 1995, ya kuma samu Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Shi kuwa microRNA ɗan guntun RNA ne (sinadarin da ke ɗaukar saƙon ƙwayoyin gado) mai harafi kamar 22, yana manne wa saƙon wata ƙwayar gado ya rage mata murya. A 2008 masana suka cire Dicer, sinadarin da ke yanko microRNA, daga cikin Treg na ɓeraye kaɗai. Me ya faru? Treg suka kasa aiki, garkuwar ta juya ta cinye ɓerayen suna ƙanana. Garkuwarsu ƙarfi gare ta fa, birki ne babu! Wani microRNA mai suna miR-155 yana danne furotin SOCS1 don Treg su ji kiran IL-2, sinadarin da ke raya su, su yaɗu, su ɗore. Wani kuma, miR-146a, yana danne furotin STAT1 don kada kumburi ya ɓalle. Kowanne da gurbinsa da gwargwadonsa.

Na san wani zai ce ai ga shi na tabbatar microRNA suna da amfani. Ka huta. Shi wannan miR-155 ɗin, idan ya yi yawa, an same shi da hannu a wasu nau'o'in kansar jini. Su ma Treg idan suka cika a cikin ƙari, kansar suke karewa. Wanne daga cikin microRNA sama da 1,000 na ɗan Adam ke cikin kwalbar taka? Kuma wa zai hana ciki narkar da shi?

Abin da ke ci min rai, wallahi, masu cutar lupus ne da masu ciwon sukari nau'i na 1. Garkuwarsu ce ke cutar da su, sannan ka ce su biya kuɗi a ƙara mata ƙarfi. Ka ji tsoron Allah.

Af, microRNA na farko, lin-4, a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita 1 aka gano shi a 1993. Mutane da yawa sun ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai da na biyu, let-7, ya fito a 2000, aka same shi har a jikin ɗan Adam. Masu cewa binciken tsutsa ɓarnar kuɗi ne, ku ma ina nan tafe kanku.